Tarihin Jirgin Katako, da Dalilin da Ya Sa Namu Ba Shi da Filafili

Wata rana muna darasin labarin ƙasa, muka nuna wa 'yan aji hoton wani jirgin Larabawa a tsakiyar teku, ya buɗe filafilinsa, watau wannan makeken ƙyalle da akan ɗaura a jikin dogon itace don iska ta tura jirgi. Sai wani yaro, ɗan wani ƙauye na bakin gulbi wajen Bakura, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mu me ya hana kakanninmu yin wannan dabara? Rashin wayo ne?" 'Yan aji suka fashe da dariya. Mu kam ba mu yi dariya ba, don a ranar ba mu da amsar da za ta gamsar da mu kanmu, balle shi. Tun daga lokacin muke bin maganar, ga abin da muka samu.

Ku fara lura da kalmar nan "jirgi". Yau in an ambace ta, hankalin yaro sai ya tafi sama ko kan dogo, alhali kuwa asalinta ta ruwa ce. Sa'ad da dogo ya iso Kano cikin 1911, Bahaushe ya duba bai ga abin da zai kwatanta baƙon da shi ba sai abin nan da ya sani yana kwasar mutane da kaya a tafiya guda, ya ce jirgin ƙasa. Da na sama ya sauka Kano cikin 1925, ya ce jirgin sama. Ashe na ruwa shi ne uba, sauran duk sunansa suka ara.

To, sai mu dubi ruwan da Allah ya ba mu. Gulbin nan namu yana tasowa ne daga wajen Funtuwa, ya biyo ta Gusau, ya wuce Maradun, ya bar Talata Mafara a gefe, ya ratsa ƙasar Bakura, ya je ya gamu da Gulbin Rima kusa da Sakkwato. Daga nan ya juya kudu, ya bi ta Argungu da Birnin Kabi, har ya faɗa Kwara. Kafin a datse shi, halinsa biyu ne, kamar mutum mai fuska biyu. Da rani ya zama rairayi fari tas, yara na wasa a cikinsa, mata na tonon ruwa, jakai na ƙetarewa ko kofatonsu bai jiƙe ba. Da damina ta yi tsakiya kuwa sai ya taso ja wur, yana tafe da itatuwa da karan gona, ya raba mutum da gonarsa, ya raba ƙauye da kasuwar Talata. Ciki wata uku ko huɗu ya yi ta wannan fushi, sa'an nan ya kwanta, ya bar tafkuna cikin fadama.

Mutanen da ke zaune bakin irin wannan ruwa, bukatarsu ba tafiya mai nisa a kansa ba ce. Bukatarsu ita ce fito, watau a ɗauke su daga wannan gaɓa a sauke su a waccan. Abin fito na farko kuma ba itace ba ne, duma ne. Akan sami babban gora, a zuba tufafi da ɗan kaya a ciki, mai ƙetarewa ya rungume shi, mai fito yana iyo yana ja. Dawaki da shanu su bi da iyo. Wanda ya taɓa ganin masunta a Matan Fada ranar bukin kamun kifi na Argungu, ko wanne kwance bisa gorarsa da homa a hannu, ya ga wannan tsohuwar dabara da idonsa. Kada ku raina ta. Gora ba ta da nauyi, ba ta da tsada, in rani ya yi a rataye ta a ɗaki. Wane jirgi ne za a rataye a ɗaki?

Inda mashigi ya yi faɗi, ko jama'a suka yi yawa, sai a nemi komi, wanda aka fi kira kwalekwale. Wannan aikin masassaƙa ne, kuma ya cancanci mu tsaya a kansa kaɗan, don mutane da yawa suna zaton rarake gungume ne kawai.

Aikin yana farawa tun itace yana tsaye. Masassaƙi yakan zaga daji yana duban maɗaci, ko kawo, ko maje, yana neman mai miƙaƙƙen jiki, marar kogo, wanda rassansa ba su fara ba sai can sama. Ko wanne da halinsa. Maje yana da sauƙin sara, ga rashin nauyi, amma ba ya daɗewa. Maɗaci da kawo suna gajiyar da gatari, amma jirginsu yakan yi shekaru. In an kā da shi, sai a duba gefen da ya fi kyau a bar shi ya zama gindi, a daidaita ɗaya gefen da gatari, sa'an nan a shiga raraka da gizago. A nan gwaninta take. Babu ma'auni, babu zane a takarda. Masassaƙi yana sara yana ƙwanƙwasa jikin itacen, kunnensa ne ke gaya masa kaurin da ya rage. Dole gindi ya fi gefuna kauri, don nauyi ya zauna ƙasa, jirgi ya tsaya daidai a ruwa, don kuma shi ne ke gogar rairayi da duwatsu. In gefe guda ya ɗara ɗaya nauyi ko da kaɗan, jirgin zai yi ta karkata har ranar da zai mutu. In kuwa hannu ya zarce, gizago ya huda, aikin makonni ya koma komin ban ruwan dabbobi. Goshi kuma akan fiƙe shi, a ɗan ɗaga shi sama, don ya tsaga ruwa, ya kuma hau gaɓa da sauƙi.

Yaushe aka fara wannan sana'a a ƙasashenmu? Dā sai dai a ce tun kaka da kakanni. Amma cikin 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, cikin Jihar Yobe, sai ya ci karo da wani baƙin itace mai tauri, wajen ƙafa 16 a ƙarƙashin ƙasa. Labari ya kai ga hukuma. Cikin 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Farankfot ta ƙasar Jamus suka tono shi ɗungum. Ashe kwalekwale ne, tsawonsa ƙafa 27 da 'yan kai, an sassaƙa shi daga itace dangin maɗaci. Da aka auna shekarunsa sai aka tarar sun kai wajen 8,000. Babu jirgin da aka taɓa samu a Afirka duka da ya kai shi tsufa, a duniya ma ƙalilan ne suka girme shi. Ya riga manyan dalar Masar da fiye da shekara 3,000. Wanda ya sassaƙa shi bai san ƙarfe ba, da dutse ya yi aikinsa, duk da haka goshin jirgin a fiƙe yake, jikinsa sumul, abin da ke nuna ba ranar aka fara koyo ba. Saboda haka maganar rashin wayo mu ajiye ta gefe tun yanzu.

Da gulbinmu ya gangara ƙasar Kabi ruwansa ya fi zama, can kuwa jirgi ya zama abin sarauta. Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga hannun Askiya na Sanwai wajen 1516, ya gina Surame, ƙarfinsa rabi a kan doki yake, rabi a kan ruwa, don fadamar Kabi ita ce ganuwarsa ta biyu. Masu ba da labarin Kabi suna cewa yana da wani babban jirgi da aka lulluɓe da tagulla, wanda yake zaga ƙasarsa a ciki in ruwa ya cika. Sarkawa kuma, masuntan nan da suka bazu har Binuwai, sunansu da sana'arsu suna komawa ga Sorko, mutanen ruwa na daular Sanwai, waɗanda jiragensu suka taimaki Sunni Ali ya ci birnin Jenne.

Can wajen Jenne da Tambutu akwai wata matsala, manyan itatuwa sun yi ƙaranci, ga kaya da yawa na ɗauka, gishiri da hatsi da goro. Sai maƙeran jirgi suka koma ɗinki. Ai kuwa ɗinki, kamar na ƙwarya. Su tsaga katako, su huda bakinsa, su ɗinke wani da wani da igiya, su cusa ciyawa da laka a tsakani. Wani Bafaranshe, René Caillié, ya shiga irin wannan jirgi daga Jenne zuwa Kabara, mashigin Tambutu, cikin 1828. Ya ba da labari cewa manyansu sun kusa ƙafa 100, kullum kuma akwai masu kwarfar ruwa da ƙwarya, dare da rana. Amma ko waɗannan manya, da gwangwala ake tura su, da itacen tuƙi. Filafili babu.

To, ga mu mun iso ga tambayar yaron nan. Filafili yana bukatar abu uku: iska mai ɗorewa, ruwa mai faɗi, da jirgi mai zurfin gindi. Ku ɗauke su ɗaya ɗaya ku gwada da gulbinmu.

Iska mai ɗorewa muna da ita, ita ce ta hunturu, wadda ke busowa daga arewa maso gabas kwana da kwanaki ba ta sauya ba. Amma lokacin da take busawa ina ruwan? Ya ƙafe. Lokacin da ruwa ya zo kuwa, iskar da za ta tura jirgi ita ce ta gaban hadari, mai tasowa daga gabas farat ɗaya ta kwashe jinka. Wanda ya buɗe mata ƙyalle a tsakiyar gulbi ya kira wa kansa ajali. Watau a nan iska da ruwa ba su taɓa yin alkawarin gamuwa ba. Ku gwada wannan da Kogin Nilu na Masar. Ruwansa yana gangarawa arewa, iskarsa kuwa yawancin shekara daga arewa take busowa. Mai zuwa kudu ya buɗe filafili, mai komowa ya naɗe, ruwa ya kawo shi gida. Ga shi kuma ba ya ƙafewa. Mutanen da aka yi wa wannan baiwa, ina mamaki don sun ɗaura ƙyalle a jirgi tun zamanin dā?

Na biyu, faɗi. Jirgin filafili in iska ba ta bayansa take ba, sai ya yi ta tafiya a karkace, ya nufi dama, ya juyo hagu, kamar mai hawan tudu da jaki. Wannan yana son fili. Gulbinmu kuwa ƙunci gare shi, ga kwana, ga tsibiran rairayi masu sauya wuri ko wace shekara. Na uku, gindi. Iska in ta bugi filafili daga gefe, so take ta kifar da jirgi, abin da ke hana ta shi ne wani dogon katako mai nauyi da ke bin ƙarƙashin jirgin tun daga goshi har wutsiya, kamar ƙashin baya, yana nutse cikin ruwa. Kwalekwale ba shi da wannan, kuma da yana da shi da bai yi taki goma ba ya kafe a rairayi. Mai gwangwala kuwa, tun da ƙasa tana kusa, ya dogara ya tura, ya tsaya inda ya so. Kakanninmu ba su rasa dabara ba, sun zaɓi wadda ta dace da ruwansu ne.

Turawa biyu sun gwada kawo filafili cikin ruwayen ƙasashen nan, labarinsu kuwa yana da daɗin ji. Na farko Mungo Park, mutumin Sikotilan, wanda ya zo neman inda Kwara ta ƙare. Cikin 1805 ya iso Sansandin, a ƙasar Mali ta yau, mutanensa duk zazzaɓi ya kusa ƙarar da su. Jiragen da ya samu a wurin ko wanne rabinsa ruɓaɓɓe ne. Sai shi da wani soja guda suka zauna suka yanke ruɓaɓɓen, suka haɗa lafiyayyun, kwana 18 suna fama, har suka tā da jirgi guda mai tsawon ƙafa 40, faɗi ƙafa 6, mai shimfiɗaɗɗen gindi. Suka kafa masa filafili, suka sa masa suna Joliba, sunan da mutanen can ke kiran kogin. Wannan jirgi na faci ya yi tafiyar fiye da mil 1,000, ya wuce Tambutu, ya wuce Gawo, ya iso Yawuri. A duwatsun Busa ya maƙale cikin 1806, Park da sauran abokansa suka halaka a ruwa. Wurin yanzu yana ƙarƙashin tafkin Kainji.

Na biyun ya fi ban mamaki. Ayarin da Dokta Barth ya zo a ciki, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarimu, ya taso daga Tarabulus cikin 1850 da jirgin ruwa a kan raƙuma. An ƙera shi a tsibirin Malta, aka rarraba shi, aka ɗaura wa raƙuma, suka ratsa Sahara da shi ta Gat da Azbin. Ku yi tunanin abin da Buzaye suka ce da suka ga jirgi a inda ruwan sha ma sai an yi kwanaki. Cikin 1851 aka harhaɗa shi a bakin Tafkin Cadi, abokin Barth, Dokta Overweg, ya buɗe filafili ya yi makonni yana zaga tsibiran Buduma, masu jiragen ciyawa. A Cadi filafili ya yi aiki, don akwai faɗi, akwai iska. Amma Overweg ya rasu a bakin tafkin cikin 1852, Buduma kuma suka ci gaba da ɗaure ciyawarsu, don ita ce ke tsiro a ƙofar gidansu, katakon Malta kuwa ba ya tsiro a can.

Amma fa kada ku zaci Bahaushe bai taɓa shiga jirgin filafili ba. Ya shiga, da yawa ma, sai dai ba a gida ba. Kafin zuwan jirgin sama, mai niyyar hajji daga Zamfara da ƙafa yake tafiya, ta Kano, da Barno, da Wadai, da Darfur, yana tafe yana tsayawa yin ƙwadago, wani shekara uku, wani bakwai, wani ma ya zauna a Sudan ke nan. In ya kai bakin Bahar Maliya, a Sawakin ko wani mashigi, sai ga teku a gabansa, Jidda tana wancan ƙetare. Masu hali su shiga jirgin hayaƙi. Talakawa da yawa kuwa sai jirgin katako na Larabawa, wanda ake kira sambuk. Tsofaffin alhazai da suka bi wannan hanya, in suna ba da labari, wahalar hamada ba ta kai musu kwanakin nan na kan teku ba.

Ƙirar sambuk ta bambanta da ta kwalekwale tun daga tushe. Shi ba raraka ake yi ba, gini ne. Akan fara shimfiɗa ƙashin bayan nan da muka faɗa, a kafa itacen goshi da na wutsiya, sa'an nan a riƙa jera katako daga ƙasa zuwa sama, ana lanƙwasa ko wanne, ana fere bakinsa da gizago har ya kwanta a kan ɗan'uwansa. Sai jiki ya fara tashi sa'an nan a sa masa haƙarƙari daga ciki, a nemo rassan da Allah ya halitta a lanƙwashe don wannan aiki. Katakon kirki daga gaɓar Malabar ta ƙasar Indiya ake kawo shi, don ƙasar Larabawa ba ta da manyan itatuwa. Abin da ya haɗa maƙerin sambuk da masassaƙinmu shi ne, dukansu biyu ba su duban takarda, siffar jirgin tana cikin kai. In an gama, a cusa auduga mai mai a tsakanin katako, a shafe sama da man kifi, ƙasa kuma, inda ke zama cikin ruwa, a shafe da farar ƙasa haɗe da kitse, saboda wata tsutsa ta teku mai cin katako kamar gara. Itacen filafili yana ɗan sunkuyawa gaba, a rataya masa wata doguwar sanda a karkace, ƙyallen kuma kusan mai kusurwa uku ne. Wannan siffa ita ke ba jirgin ikon tafiya ko iska tana zuwa daga gefe.

A zamanin dā su ma ɗinka jiragensu suke yi, da igiyar ɓawon kwakwa, babu ƙusa ko ɗaya. Wani malami mutumin Andalus, Ibn Jubair, ya ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda cikin 1183 a irin wannan jirgi. Ya yaba ɗinkin, don jirgi ɗinkakke in ya bugi dutse yakan ba da kai, ba ya farfashewa nan take. Amma ya yi kuka ƙwarai da masu jiragen, waɗanda ke cusa alhazai wani kan wani don su fanshe kuɗin jirginsu a fito guda. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Ga wani abu kuma da ya faranta mana rai sa'ad da muka same shi. Cikin 1998 masu nutso suka gano wani jirgin Larabawa ɗinkakke a ƙarƙashin teku kusa da tsibirin Belitun, a ƙasar Indunusiya. Ya nutse wajen shekara ta 830, yana komowa daga Sin da tangaran wajen 60,000. Da masana suka binciki katakonsa, sai suka ce mafi yawansa na wani itacen Afirka ne. Wane itace? Kawo. Kawon nan dai da kuka sani, mai baƙin ɗa da jar hula. Daga baya gwamnatin Oman ta sa aka gina irinsa sak, tsawon ƙafa 59, aka ɗinke shi da igiyar kwakwa, katakon kawo kuwa daga Gana aka kawo shi. Aka sa masa suna Jewel of Muscat. Ya tashi daga Maskat cikin Fabrairu 2010, ba inji, sai iska, ya isa Singafo cikin Yuli. Ashe itacen da muke sara mu yi turmi da gawayi, shi ne wasu suka ratsa teku da shi shekara 1,200 da suka wuce.

Mu komo gida. Tsakanin 1974 da 1978 aka gina madatsar Bakolori a kan gulbinmu, ruwa ya taru a bayanta, ya yi tafki mai tsawon wajen mil 12 ta wajen Maradun. Ya ci gonaki da garuruwa, dubban mutane suka tashi. Rigimar diyya kuma ta kai ga zubar da jinin manoma cikin Afrilu 1980, abin da mutanen ƙasar nan ba su manta ba, amma wannan labari ne mai zaman kansa. Abin da ya shafi maganarmu shi ne, halin ruwan ya sauya. A ƙasa da madatsa ambaliyar da ke cika fadama ta ragu, kifi da shinkafar fadama suka ragu tare da ita. A sama kuwa, karo na farko a tarihin ƙasar nan, aka sami ruwa mai faɗi wanda ke nan har cikin hunturu. Iska da ruwa sun gamu a ƙarshe. Sai dai sun makara, don kafin wani ya yi tunanin ƙyalle inji ya riga ya iso. Muna dai gargaɗinku, kada wani ya karanta wannan ya je ya kafa zanen uwarsa a kan kwalekwale. Kun ji abin da muka faɗa game da gindi.

Jirgin ma kansa ya sauya. Maɗaci ko kawon da zai ba da kwalekwale mai ɗaukar mutum 20 sai ya shekara aru aru yana girma, irinsu kuwa sun yi wuya a dazuzzukanmu. Saboda haka aka koma jirgin katako da ƙusa, irin wanda ake bugawa a Yawuri da sauran garuruwan bakin Kwara, da katakon da ake kawowa daga kudu. Yana da sauri wajen yi, yana da faɗi, yana karɓar inji. Amma kwalekwale jiki guda ne, shi kuwa wannan gaɓoɓi ne, ko wace gaɓa kuma ƙofa ce da ruwa ke nema. Ƙusa tana tsatsa a ɓoye cikin katako, ido bai gani ba.

Don haka gyara ya zama rabin sana'a. Mai jirgin kirki yakan jawo shi gaɓa kafin ruwa ya zo, ya kife shi, ya bi shi da ƙwanƙwasa kamar yadda masassaƙi ya yi ranar farko. Inda ya ji sauti ya mutu, nan ruɓa take. Ƙaramar tsaga a cusa mata auduga ko tsumma, a bi da narkakkiyar kwalta. Babba a yanke wurin har a kai ga lafiyayyen itace, a sa sabo, kamar yadda Park ya yi a Sansandin. Abin da muke yawan gani kuwa, a buɗe gwangwani a buga a kan ruɓa, wannan rufe ciwo ne da tsumma, yana ci a ciki. Kwalekwale kuma ba ruwa ne babban maƙiyinsa ba, rana ce. In aka bar shi a kan rairayi da bazara sai ya tsattsage, shi ya sa masu hankali ke nutsar da shi cikin tafki, ko su rufe shi a inuwa. Na Dufuna ma abin da ya tsare shi shekara 8,000 ke nan, yana kwance cikin jiƙaƙƙiyar laka inda iska ba ta kai. Da aka fito da shi sai da aka yi ta jiƙa shi da magani, don da an bar shi ya bushe haka kawai da ya ruguje.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma babu inda wannan ya fi zama gaskiya kamar bakin mashigi. Cikin Mayu 2021 wani jirgin katako ɗauke da mutum fiye da 150 ya tsage a Kwara kusa da Wara, cikin Jihar Kabi, mafi yawansu ba su fita ba. Cikin Satumba 2024 wani ya kife a Gummi, nan cikin Zamfara, da manoma masu zuwa gona, aka rasa rayuka da dama. In an bincika irin waɗannan, abu biyu akan tarar, tsohon jirgi da lodi fiye da kima, watau kukan nan da Ibn Jubair ya yi shekara 800 da suka wuce. Da yawa cikinku da jirgi kuke zuwa makaranta in damina ta yi. In kuka ga tsakanin bakin jirgi da ruwa bai kai tafin hannu ba, ku jira fito na biyu, malami ya yi faɗan latti.

Ga aiki kuma mun ba ku na hutun nan, musamman ku na Maradun da Bakura da ƙauyukan bakin Tafkin Natu. Ku je wurin Sarkin Ruwan garinku, ku gaishe shi da ladabi, ku roƙe shi ya nuna muku kwalekwalen da ya fi tsufa a mashiginku. Ku auna tsawonsa da faɗinsa da igiya. Ku tambayi wane itace ne, a wane daji aka sare shi, zamanin wane sarki, sau nawa aka yi masa gyara, da me. Ku tambayi sunan ko wane sashe na jikinsa da na ko wane ƙarfen sassaƙa, ku rubuta yadda tsofaffi suka faɗa, kada ku gyara musu. In akwai wanda ya taɓa sassaƙa jirgi da hannunsa yana da rai, ku zauna wurinsa yini guda. Abin da kuka samu ku ba malaminku ya aiko mana, wanda ya fi cika za a buga shi a wannan shafi.